Tambayoyinku da Amsoshinmu: Yadda Za a Adana Tarihin Uwa Mai Ra'ayin Kanta

Tambaya: Mahaifiyarmu ta rasu wata huɗu da suka wuce, ta bar 'ya'ya shida da jikoki 19. Mace ce da ba a yi mata dole. Tana son tafiye-tafiye, ta koyi tuƙi bayan ta haura shekara 50, in abu bai yi mata ba a gaban idonka za ta faɗa. Yayyena sun ɗora mini rubuta tarihinta saboda jikoki, amma duk abin da na rubuta sai ya fito "mai haƙuri, mai kirki, mai zumunci", kamar ba ita ba. Ta ina zan fara? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Allah ya jiƙanta da rahama, ya ba ku haƙurin rashinta. 'Yar'uwa, abin da ya sa rubutun ya ƙi kama da ita shi ne kin fara da yabo. Haƙuri da kirki riga ce da za ta shiga kowace uwa, jikan da bai san ta ba ba zai gane tasa kakar a ciki ba. Abin da ke tsayar da mutum a kan takarda shi ne abin da ya yi da abin da ya faɗa. Kin ma ba mu bakin zaren da kanki: koyon tuƙi. Wa ya koya mata? Da wace mota? Wa ya so ya hana ta, kuma me ta ce masa? Amsar waɗannan ta fi shafi goma na yabo nuna ko wace ce ita.

Don haka ki ajiye biro tukuna, ki fara tattarawa. Ki rubuta sunan mutum takwas zuwa goma da suka san ta, ki fara da waɗanda suka fi tsufa ko ba su da lafiya. Kada ki tsaya ga 'ya'yanta. Ku kun san ta a matsayin uwa, ƙawayenta na ƙuruciya da ƙannenta kuwa sun san ta tun ba ta zama uwar kowa ba, kuma a wurinsu labaran ƙiriniyarta da ƙarfin halinta suke.

Ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya. In kika haɗa su, babba ne zai riƙe zancen, sauran su yi ta "haka ne". Ki nemi izini kafin ki naɗi muryar kowa. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin, ki kashe fanka da talabijin, ki ɗora wayar a kan ƙyalle mai laushi, tazarar santimita 20 zuwa 30 daga bakin mai magana. Ki gwada na daƙiƙa 30 ki saurara, sannan ki faɗi kwanan wata da sunan mai maganar ki fara. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda, tsoho yana gajiya, gara ki sake dawowa.

Tambayar "wace irin mace ce?" addu'a da yabo kawai za ta jawo miki. Ki ce: "Ba ni labarin ranar da ta ba ki mamaki." "Me ke sa ta dariya har da hawaye?" "A kan me kuka taɓa saɓawa?" In mai magana ya yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce uffan, sau da yawa bayan shirun nan ne labarin gaske ke fitowa. Tsohon hoto a hannu shi ma yana buɗe baki.

Juya hirar awa ɗaya zuwa rubutu yakan ci awa huɗu zuwa shida, to kada ki ce sai kin rubuta komai. Ki saurara, ki riƙa rubuta mintin da labari mai daɗi ya faɗo. Daga nan ki zaɓi labari biyar zuwa bakwai, ki ware shafi ɗaya na shekaru da wurare. Maganganunta ki bar su yadda ta furta su, da karin harshenta, kada ki yi musu kwalliya. In mutum biyu suka saɓa a kan labari ɗaya, ki kawo duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Za ki haɗu da mai cewa a cire zancen taurin kanta. A ganinmu a bambance hali da sirri. Abin da ta ɓoye da ranta, a bar mata shi a rufe. Abin da ta yi a fili ba ta ji kunyarsa ba, wannan halinta ne, cire shi rage ta ne. Ki karanta wa yayyenki rubutun da babbar murya kafin a buga.

Tambaya: Kakata ta rasu mako shida da suka wuce. Kusan kullum tana turo mini saƙon murya ta WhatsApp, wani da waƙa, wani da faɗa. Wayarta tana hannunmu. Me zan yi kada muryar ta ɓace? (Daga wani jika)

Amsa: Allah ya gafarta mata. Ɗan'uwa, naka aikin na gaggawa ne. Saƙonnin da ta turo maka a cikin wayarka suke zaune, WhatsApp ba ya ajiye maka su a wurinsa bayan sun iso. In wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta ba ka yi ajiya ba, shi ke nan. Yau ɗin nan ka buɗe hirarku, ka nemi zaɓin fitar da hira, ka zaɓi a haɗa da muryoyi da hotuna. Da su a haɗe, saƙo kusan 10,000 na baya-bayan nan kawai yake ɗauka, don haka tsofaffin muryoyin da ka fi so ka tura su ɗaya-ɗaya zuwa imel ɗinka. Muryoyin suna fitowa a tsarin opus, wanda ba kowace na'ura ke buɗewa ba. Ka juya kwafi zuwa MP3, ka bar na asalin yadda yake, ka sa wa kowanne suna da kwanan wata da ɗan bayani.

Wayarta kuma, kada a goge ta don a bai wa wani. In a kulle take, a daina cankar lambar sirri, wasu wayoyin an saita su su share komai bayan kuskure goma. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, Google kuma yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, layin waya ma in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan bai wa wani lambar. Shafinta na Facebook ana iya neman a mai da shi na tunawa da mamaci, amma da zarar an yi haka babu mai iya shiga cikinsa kuma, sai ku kwafi hotunan da kuke so tun kafin nan.

Kwafi uku za ka yi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a rumbun intanet ko a gidan wani ɗan'uwa.

Tambaya: Mun tarar da hotunan mahaifiyarmu na ƙuruciya sun manne a tsohon albam, da kaset biyu masu muryarta. Mu kai a yi wa hotunan laminatin? (Daga wasu 'yan'uwa mata)

Amsa: Kada ku yi. Zafi da gam ɗin laminatin suna lalata hoto, kuma ba a iya cire shi daga baya. Ku fara ɗaukar hotunan a sikana tun suna cikin albam, a kan ɗigo 600 a kowane inci, ƙananan kamar na fasfo 1,200, ku ajiye su a tsarin TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci. Bayan haka ku zura zaren sakace a ƙarƙashin kusurwar hoto ku ja a hankali. In ya ƙi, ku bar shi. Wanda ya manne da gilashi a ɗauke shi ta cikin gilashin. Ku rubuta suna da shekara a baya da fensir mai laushi, biro yana hudowa ta gaba. Ku raba su da salatif da roba da fil na ƙarfe mai tsatsa, ku ajiye su inda babu danshi da rana. In za ku tura wa dangi ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage ingancin hoton.

Kaset kuwa, ku ɓalle 'yan haƙoran robar da ke samansa don kada a naɗi wani abu a kai bisa kuskure. Ku duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren yana nan, ku juya zaren da fensir ku tabbata bai manne ba. Ku gwada rakodar da wani kaset marar muhimmanci, don tsohuwar rakoda takan tauna zare. Sannan a jona ta da kwamfuta a naɗa a tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, tun kunnawar farko, awa ɗaya zai ci wajen megabait 600.