Hoton Mazari Ya Ƙi Fitowa Tar: Laifin Waya Ne Ko Na Mai Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babbar kyamarar wayata megafiksel 50 ce, amma duk sanda na matsa kusa da mazari ko malam-buɗe-littafi don in ɗauka, sai ganyen da ke bayansa ya fito tar, shi kuwa dishi-dishi. Ko kyamarar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kusancin ne ya yi mata yawa. Kowane gilashin kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya tantance abu, kuma a yawancin wayoyi iyakar babbar kyamara tana wajen santimita 10 ne, wasu ma sun fi haka. Da zarar ka wuce nan, fokas ya rasa abin kamawa, sai ya tsallake ya damƙi ganyen baya. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan.

Ja da baya kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka danna 2x. Wayar za ta yanko tsakiyar hoton ne, kuma daga megafiksel 50 za ka tsira da kusan 12, wanda ya isa a ga jijiyoyin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Idan wayarka tana da kyamarar hangen nesa ta gaske, gwada 3x, sai dai ita tana so ka ƙara ja da baya. Abin da ya haura haka, irin su 10x da 20x, yawanci manhaja ce kawai take buɗa hoton tana cike gurbi da hasashe.

Za ka ce ai akwai kyamarar makro a wayar, wato wadda aka yi don ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. In irin mai megafiksel 2 ɗin nan ce da ake liƙa wa wayoyi don a ce suna da ido huɗu, ka manta da ita. Fokas ɗinta a kafe yake a wajen santimita 4, kuma hoton da ka yanko daga babbar kyamara ya fi nata kyau nesa ba kusa ba. Akwai masu inganci, kamar tsarin da Apple ya kawo a iPhone 13 Pro a 2021, inda kyamara mai faɗin gani take tantance abu daga santimita 2. Wannan ya dace da fure ko tururuwa. Mazari kam ba zai tsaya ka kai masa waya har hanci ba.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Iya kusancinka, iya sirancewar wurin da ke fitowa tar. A irin wannan ɗauka bai wuce ’yan milimitoci ba. Shi kuwa mazari dogo ne siriri. In ka fuskance shi ta goshi, kai zai fito, jela ta narke. Saboda haka ka zo masa ta gefe, bayan wayar yana daidai da tsawon jikinsa, ko ta sama daidai da shimfiɗar fikafikansa, yadda duk jikin zai kasance nisa ɗaya da gilashin. Sai ka ɗora yatsa a kan idonsa a allon, ka riƙe na daƙiƙa biyu har fokas ya kulle. Daga nan kada ka sake taɓa allon sai wurin danna ɗauka. Jikinka za ka riƙa turawa gaba kaɗan, baya kaɗan, kana ɗauka a jere. Guda ɗaya ko biyu ne za su yi kyau a cikin tarin, kuma haka abin yake ko ga ƙwararru. In ido ya fito, mai kallo zai yafe wa jela.

Tambaya: Malam, ni tawa matsalar tun kafin in ɗaga waya sun tashi. Yaya masu irin hotunan nan suke yi? Har na ji an ce wasu a firij suke sa ƙwarin.

Amsa: Malama, kina fama ne da halittar da kusan duk kanta ido ne. Idon babban mazari ɗaya yana ɗauke da ƙananan idanu da ke kaiwa 30,000, yana gani kusan ta kowace fuska, kuma motsi mai sauri shi ya fi saurin tsinkaya. Ba za ki yi masa sanɗa ta baya ba. Halinsa za ki bi.

Ƙwari ba sa riƙe ɗumin jiki kamar mu, sai tsokar fiffike ta ɗumama suke iya tashi sosai. Da sassafe za ki tarar da mazari maƙale a jikin ciyawa kusa da ruwa, raɓa ta jeru a fikafikansa, ba ya ko motsi. Hasken lokacin ma mai laushi ne, kuma iska ba ta fara kaɗa ciyawa ba. Da rana kuma akwai wata dabarar. Mazan wasu nau'o'in suna tsare yankinsu a bakin ruwa, su tashi su kori abokin hamayya ko su cafke sauro, su dawo kan tsinken da suka bari. Ki lura da tsinken, ki zauna, ki kulle fokas a kansa, ki jira. Ki sunkuya daidai tsayinsa, kada kuma inuwarki ta faɗa masa.

Ɗaukarsa yana shawagi aiki ne na saurin buɗe-rufen kyamara na 1/2000 na daƙiƙa ko mafi sauri, da rana tsaka. A waya ya fi sauƙi ki ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, irin mai hoto 240 a daƙiƙa. Nan za ki ga yadda fikafikan gaba da na baya ke kaɗawa kowanne da nasa lokacin.

Batun firij kuwa, ana yi, ni dai ban goyi baya ba. Azabtarwa ce, kuma mai ido yana gane hoton ƙwaron da ya sandare daga yadda ƙafafunsa suka lanƙwashe.

Tambaya: Ƙaramin gilashin nan da ake maƙala wa waya yana aiki, ko in tara in sayi kyamara?

Amsa: Yana aiki, amma ga abin da zai bari ka matso santimita 2 zuwa 3: idon ƙuda, ƙafar fara, kan ƙoƙi-ƙoƙi. Ka daidaita shi tsakiyar babbar kyamara, in ba haka ba gefen hoton zai yi duhu. Zuma da rina kuwa, a wannan kusancin ka san da wa kake yi.

In kyamara ce a ranka, nemi gilashin makro na milimita 90 zuwa 105 mai alamar 1:1, wato girman ƙwaron a kan sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) daidai da girmansa na zahiri. Sa ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11 don wurin da ke fitowa tar ya ɗan faɗaɗa. Haske zai ragu, sai ka cike da filasha, amma ka tare ta da farin kyalle mai shara-shara ko farar takarda, domin jikin ƙwaro yana da sheƙi, filasha tsirara tana barin farin tabo a idon. Mai kyamara da gilashinta na asali kuma zai iya farawa da zoben ƙarin tsayi da ake sawa tsakanin gilashi da jikin kyamara, ya ga ko harkar ta karɓe shi kafin ya sayi babban gilashi.