Shuɗin waya daban, shuɗin kati daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai aikin katin gayyatar bikin 'yata wata maɗaba'a a Garki. A waya shuɗi ne tas, daidai da ankon biki, amma da katin ya fito sai ya koma kamar shunayya. In sa mai maɗaba'ar ya sake, ko in canza wuri? Uwar amarya, Kubwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kada ki yi gaggawar canza wuri, don ko ina kika kai hoton nan a yadda yake, kusan haka zai fito. Fuskar waya haske take fitarwa, tana gauraya ja da kore da shuɗi. Inji kuwa tawada huɗu yake zubawa, waɗanda masu sana'ar ke kira CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai shuɗin da tawadar ba ta iya kamowa, sai kwamfuta ta ƙara ja don ta matso kusa da shi. Daga nan shunayyar ta fito. Ki ce wa mai maɗaba'ar ya bar tawadar shuɗin a kashi 100 cikin ɗari, ya sauko da jan zuwa kashi 70 ko ƙasa.

Laifinsa a wajena shi ne bai nuna miki gwaji ba. Manhajojin zane na Photoshop da CorelDRAW duk suna kwaikwayon yadda launi zai zauna a takarda tun kafin a buga, amma ni ban cika sakin jiki da allo ba. Ki biya kuɗin kati guda ɗaya na gwaji, a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Mai sheƙi tana riƙe tawada a sama, launi ya fito rau, marar sheƙi kuwa shanye ta take yi ya dusashe.

Sai batun haske, wanda mutane ke mantawa. Ma'aunin duba launi a harkar ɗab'i shi ne D50, hasken da ya kai 5,000 a ma'aunin launin haske na Kelvin, kusa da na rana. Kwan fitila mai ja-ja bai wuce kamar 2,700 ba. Rinin yadi da tawada ba sinadari ɗaya ba ne, sai su yi daidai a cikin shago, a je zauren biki su raba hanya. Ki tafi da ƙyallen ankon, ki haɗa shi da katin da rana a cikin inuwa, sannan ki sake dubawa da dare a ƙarƙashin fitila.

Tambaya: An ce in biya kuɗin Pantone don tambarin shagona. Ya cancanta? Mai turare, Wuse.

Amsa: Alhaji, idan kwalaye dubbai za ka riƙa bugawa a kai a kai, ka biya. Pantone tawada ce da ake haɗawa daban bisa lamba, jan bana ya zo daidai da na baɗi. In 'yan takardun talla ne na mako guda, ka riƙe kuɗinka.