Tambaya da Amsa: Fentin jita mai haske a tsakiya, duhu a gefe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Damagaram, na sassaƙa jikin jitar lantarki da katakon maɗaci, wuya ma na gama, fenti kawai ya rage. Irin fentin nan nake so wanda tsakiya rawaya ne sai ja sai baƙi a gefe, wanda ake ce wa sanbast. Na gwada a kan wani guntun katako na liƙa salatif na fesa, sai ya fito layi layi ba kyau ko kaɗan. Ina da bindigar feshi da ƙaramar kwamfiresa. Ya ake yi don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Wallahi na ji daɗin wannan wasiƙa, don haɗa jita da hannu ba baƙon abu ba ne a Nijar, makaɗin jita Mdou Moctar ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. To bari mu fara da salatif ɗin nan, cire shi gaba ɗaya. Duk kyan wannan fenti yana wurin da launi ɗaya ke narkewa cikin ɗaya ba tare da ido ya kama inda ya fara ba, kuma wannan hannu ne ke yin sa da iskar bindiga, salatif kuwa kullum layi zai bar maka. Inda kawai za ka liƙa shi shi ne ramin da wuya ke zama, don in fenti ya taru a nan wuyan ba zai zauna daidai ba.

Amma akwai maganar katakonka da ya kamata ka ji tun kafin ka sayi fenti. Wanda ka kwatanta mai launi uku salon kamfanin jita na Fender ne. Jitarsu mai suna Stratocaster ta fito a 1954 da launi biyu, rawaya da duhu, sai a 1958 suka ƙara ja a tsakani, kuma katakon da suke amfani da shi fari ne, ash da farko sannan alder daga 1956, shi ya sa rawayan ke fitowa tas. Shi kuwa maɗaci jajaja ne mai duhu tun daga Allah, in ka zuba masa rawaya ba rawaya za ka gani ba, ruwan zuma mai duhu za ka gani. Kamfanin Gibson ma da suke yin jikin jitarsu Les Paul da danginsa mahogani, sai da suka liƙa farin katakon maple a sama sannan suka fesa nasu ja da rawaya daga 1958 zuwa 1960. Ke nan ko dai ka liƙa siririn farin katako a fuskar jitar, ko ka bar maɗacin da launinsa a tsakiya ka tafi da shi zuwa ruwan ƙasa sannan baƙi a gefe. Ni na biyun zan zaɓa maka, yana da kyau sosai a maɗaci kuma ba ka rufe zanen katakon da ka wahala a kansa ba.

Sai shiri. Ka goge da sanfefa har lamba 220, ka bi tsawon jijiyar katakon kada ka gitta ta, don duk ƙarcen da ka bari launi zai tona shi. Maɗaci yana da ƙananan ramuka kamar fatar lemo, dole ka cike su da fila mai duhu ka goge, in ba haka ba duk fentin da ka fesa zai dinga nutsewa ciki kana ta ƙarawa ba ya cika. Bayan nan sila, wato shafen da ke rufe katako kafin launi, hawa biyu ko uku, ka goge da 320 har ya yi sumul. Ka ɗaura sanda da kusoshi a ramin wuya ya zama mariƙi, don ka iya juya jikin ba ka taɓa shi ba.

Feshin kuma daga mai haske ake farawa a ƙare da mai duhu. Launin tsakiya ka fesa shi ko'ina, ya bushe, ka rufe da kiliya, wato fenti garau marar launi, hawa ɗaya. Wannan kiliyar ita ce mai cetonka, in duhun ya ɓaci za ka iya goge shi a hankali ba ka taɓa na ƙasa ba. Sannan ka tsinka launin gefen da tina sosai, ka rage fentin da bindiga ke fitarwa, ka mayar da bakinta zagaye maimakon faɗi. Fara da kaurin gefen jitar ka baƙanta shi tukuna. In ka zo fuska sai ka tsaya da bindigar ta saman tsakiya kana nuna ta waje, tazarar kamar taƙi ɗaya, rabin feshin na sauka a katako rabi na tafiya iska, kana zagayawa ba tsayawa, ƙurar da ke sauka ta ciki ita ce ke ba da narkewar nan. In ka juya bindigar tana kallon ciki to tsakiyar zai cika da ɗigo ɗigon baƙi. Zagaye na farko za ka ga kamar ba ka yi komai ba, haka ake so, ka ƙara na biyu da na uku kana ja da baya kana dubawa daga nesa. Kuma ka tsaya tun kana ganin kamar da saura, domin duhu ƙara shi abu ne mai sauƙi amma rage shi sai an koma baya. Wurin ƙahonin nan biyu da ƙugun jitar ka sassauta hannu, wuri ne siriri nan da nan yake cikewa.

Tambaya: Malam ni ba ni da kwamfiresa, a Kano nake, ɗalibi ne. Ba yadda za a yi da hannu?

Amsa: Akwai, ƙanena. Ana yi da rinin katako mai narkewa a ruwa ko a sifirit da tsumma, kai tsaye a kan katakon kafin sila. Ka shafa mai haske ko'ina, tun bai bushe ba ka ɗauki wani tsumman da mai duhu ka bi gefe, sai na uku mai ɗan danshi kawai kana murza mahaɗar a zagaye har ta ɓace. Na ruwa ya fi ba ka lokaci don sifirit a zafin Kano kafin ka juya ya tashi. Ka lura da inda aka yanke jijiyar katako a gefe, ya fi shan rini, zai yi duhu fiye da sauran. In kuma fentin gwangwani za ka fesa, yanki kwali da siffar jitar amma ƙarami, ka ɗaga shi sama da katakon kamar yatsa biyu a kan wasu ƙananan katakai, feshin zai shiga ta ƙarƙashi ya yi laushi. Ka gwada a guntun katako iri ɗaya da na jitar tukuna.

Tambaya: Na fesa kiliya da damina sai ta yi fari kamar hazo, kuma yaushe zan fara goge ta ta yi sheƙi?

Amsa: Danshin iska ne ya maƙale a ciki. Fentin naitiro, wato kiliyar da ke bushewa ta hanyar tashin tina, tinarsa na tashi da sauri ta sanyaya fuskar, sai raɓa ta sauka fenti ya rufe ta. Sau da yawa in ka jira rana mai bushewa ka fesa wani siririn hawa mai tina da yawa, zai narkar da na ƙasa farin ya tafi. Kada ka yi feshi da sassafe ko bayan ruwan sama, kuma ka dinga zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa kullum. Hunturu ba danshi amma ga ƙura, sai ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka fara. Tsakar rana a bazara kuma fentin na bushewa tun a iska ya sauka da kaushi.

Maganar guga, in naitiro ne ka yi hawa kamar goma sirara, uku a rana, sannan ka rataye jitar sati uku zuwa huɗu, in ka shinshina ka ji warin tina to da saura. Daga nan sanfefar ruwa 800, 1000, 1500, 2000, sai man goge mota. Ka toshe ramukan kusoshi da kakin kyandir don in ruwa ya shiga katako zai kumbura ya tsaga fentin, kuma kada ka danna a gefuna, nan ne fenti ya fi siriri, kana sakaci za ka ci baƙin ka tarar da katako. In kiliyar mota ce mai haɗi biyu, wato 2K, hawa biyu ko uku sun isa kuma cikin kwanaki kaɗan ta yi ƙarfi, amma tururinta na lalata huhu, takunkumin tsumma ba ya tare shi, don Allah ka nemi na masu fentin mota na gaske ka yi aikin a inda iska ke wucewa. Naitiro kuma yana kama wuta nan take, kada a kunna sigari ko janareto kusa da wurin.