Na goge saƙonnin imel na ofis, mudir ya riƙe min haƙƙina

Wani ɗan'uwa daga Jidda ya rubuto cewa shekara 6 yana aiki a wani kamfanin aika kaya. Ranar da aka sallame shi, ya buɗe manhajar imel ta Outlook a kwamfutar ofis ya goge duk saƙonnin akwatinsa, don a ganinsa nasa ne. Yanzu mudir, wato manajan kamfanin, ya ce babu kuɗin sallama, har yana barazanar kai ƙara.

Malam, bari mu fara da inda ka yi kuskure. Sunanka da ke jikin adireshin imel bai mayar da akwatin naka ba. Idan kamfani ne ya buɗe shi, a kan kwamfutarsa, don aikinsa, to galibi abin da ke ciki na kamfani ne: rasidai, cinikin da aka ƙulla da abokan hulɗa, lissafin kwantena. Saƙon da ka aika wa iyali a Kano wata magana ce daban, amma kai da bakinka ka ce duka ka share.

Kuma da wuya a ce sun tafi. Danna Delete kai saƙo kawai yake yi kwandon shara na manhajar. Ko ka zazzage kwandon, idan kamfanin yana kan tsarin imel na Microsoft mai suna Exchange, akan iya dawo da saƙo cikin kwana 14, wasu kan ƙara zuwa 30, ban da kwafin da mai kula da kwamfutoci ya adana. Wanda ka aika wa ma yana da nasa. Dokar shaida ta Saudiyya da ta fara aiki a 2022 ta karɓi imel a matsayin hujja, don haka ta yiwu ka share abin da zai taimake ka, ka bar sawun cewa ka share.

Barazanar mudir ba fanko ba ce gaba ɗaya. Dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 5, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 4 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya shiga kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba don goge bayanai. Ko shigarka ta zama "ba bisa ƙa'ida ba", wannan ya danganta da lokaci: kafin a miƙa maka takardar sallama ne ko bayan? Ba ka faɗa ba, kuma a nan maganar take.

Shi ma mudirin ya yi gaggawa. Ba shi ne alƙali ba. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya lissafa dalilan korar ma'aikaci ba kuɗin sallama, kuma sai an ba shi damar kare kansa. Mutumin da an riga an sallame shi kafin abin ya faru, a fahimtata zai yi wuya a dawo a rataya masa wannan sashe, sai dai su nemi diyyar asarar da suka iya tabbatarwa. Idan su suka kore ka, lissafin shekara 6 albashin wata 3 da rabi ne.

Shawarata, kada ka sake taɓa akwatin, ko ta waya. Ka rubuta musu cewa a shirye kake ka taimaka a dawo da saƙonnin, amma kada ka sa hannu a wata takardar amsa laifi ko ta yafe haƙƙi kafin lauya ya gani. Sannan ka shigar da koke a maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, kamar yadda aka saba. Zaman sulhu kwana 21 na aiki ne kafin a tura kotun ƙwadago, kuma wata 12 kake da shi daga ƙarshen aiki. Ni da za a ji tawa, a gama a teburin sulhu, musamman ga mai iƙama, wato takardar izinin zama, a hannun kamfanin da yake rigima da shi. Ka tafi da kwantiraginka da takardar sallamar mai kwanan wata.