Wa Za Ka Ba Mabuɗin Kwamfuta?

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka shiga da root, wato asusun da ke da cikakken iko kan na'ura, a kwamfutocin makarantar nan ta Agege da muka sa wa tsarin Linux na Ubuntu, ga shi sudo ya dame ka da neman kalmar sirri. Ka kuma ce tsakanin sudo da su da pkexec, umarnan da ke ba mutum ikon root, wanne ya fi.

Ni dai sudo na fi amincewa da shi. Shi su, mabuɗin shago gaba ɗaya yake danƙa maka, kuma sai ka san kalmar sirrin root, ka ga duk mai taɓa na'urar ya santa ke nan. Sudo kuwa taka kalmar yake nema, ya ara maka iko a kan umarni ɗaya, ya rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi. A Ubuntu minti 15 yake riƙe izinin, sannan ya sake tambaya. Ran da wani abu ya lalace, wannan rubutun ne zai wanke ka a gaban mai kaya.

Amma kul ka buɗe manhaja mai taga da sudo. Na taɓa yi a nan Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, fayil ɗin .Xauthority mai riƙe izinin buɗe tagogi a allo ya koma mallakar root, mai kwamfutar ya sa kalmarsa daidai amma allon shiga sai maido shi yake. Bawan Allah ya yi asarar aikin yini guda saboda ni, har yau abin yana damuna. Da can gksu muke amfani da shi wajen buɗe irin wannan manhajar da ikon root, an cire shi tun Ubuntu 18.04. Yanzu aikin polkit ne, tsarin da ke kula da ba manhajoji izini, shi ke fito da ɗan akwatin nan mai neman izini.

Pkexec na polkit ne, kuma a 2022 aka bayyana ɓarakar tsaron da ta kwana a cikinsa tun 2009. Sudo ma an kama tasa a 2021. Shi ya sa nake matsa maka da sabunta manhaja kafin na'ura ta bar shago.

Na Windows kuwa, UAC, akwatin da ke neman izini kafin a yi babban canji, tun zamanin Windows Vista yake. Wasu a kasuwar nan suna kashe shi wai don kwastoma ya huta. Ban yarda ka yi ba, ko an roƙe ka.

Gobe idan ka koma Agege, ka buɗe wa ɗalibai asusu mara iko, shugaban makarantar kaɗai za ka sa a rukunin sudo.