Farauta a Hanyar Masu Yankan Katako

Tambaya: Malam, ni tsohon maharbi ne, yanzu ina sayar da shanu a Agege. Ɗana da ke jihar Maine ta Amurka ya gayyace ni farautar barewa da baƙin beyar. Ina zan same su a wannan daji?

Amsa: Baba, ka nemi tsoffin hanyoyin da motocin katako suka daina bi. Inda aka sare itatuwa 'yan shekarun baya, rana na sauka ƙasa, tsiro da 'ya'yan itace su yi yawa, nan barewa ke kiwo da asuba da kuma gab da magariba. Ka ajiye mota nesa, ka taka a hankali, iska na bugun fuskarka, don hancin beyar ya fi idonsa aiki nesa ba kusa ba.

Ka duba ƙasa sosai. Kashin beyar cike yake da ƙwayoyin 'ya'yan itace, za ka kuma ga sawun faratansa a jikin bishiya. Barewa kuwa tana barin sawun kofato a laka bakin kwalbati.

Don Allah, Baba, ka yanki lasisi tukuna, ka sa rigar maharba mai launin ruwan lemo don sauran maharba su hango ka, kuma uwa mai 'ya'ya ka ƙyale ta ta wuce.