Me ya haɗa santsi, birki da katako a kalmar skid?

Tambaya: Malam, ina koyon kanikanci, kuma a littafin da muke karatu da shi na ga kalmar Ingilishi skid da ma'anar zamewar mota, amma ƙamus ya ce tana nufin birki, har ma da katakon da ake ɗora kaya a kai. Yaya kalma ɗaya za ta haɗa zamewa da tsayarwa?

Amsa: Asalin duk ma'anonin nan itace ne. Tun a ƙarni na 17 mutanen Ingila ke kiran gungume ko katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kaya mai nauyi da wannan suna, ko don a raba kayan da ƙasa, ko don a ja shi a kai. Masana sun fi karkata ga cewa kalmar ta samo asali ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda take nufin faskaren itace. Har yau haka ake kiran dandamalin katako na ɗora kaya a sito, da kuma ƙarafa biyun da jirgi mai saukar ungulu ke dira a kansu.

Batun birki kuwa ya zo ne a zamanin keken doki. Idan keke mai kaya ya doshi gangara, sai a cusa wani guntun itace ko ƙarfe mai sarƙa a ƙarƙashin ƙafar baya, ta yadda za ta daina juyawa, ta riƙa jan ƙasa har a sauka lafiya. Ya yi kama da waigin da yaron mota ke sa wa taya, sai dai waigi hana motsi yake yi, shi kuwa wannan rage gudu kawai yake yi. To, ƙafar da aka hana juyawa ai zamewa take yi, shi ya sa a ƙarni na 19 sunan ya koma kan zamewar ita kanta.

Wannan ma'ana ta ƙarshe ce littafinka ke nufi, kuma ita ta fi yawa a bakin mutane yanzu. Idan direba ya danne birki da ƙarfi a kan ruwa, yashi ko mai, musamman da taya da ta suɗe, tayar kan kulle, sitiyari ya daina jin magana. Aikin na'urar ABS, wato na'urar hana taya kullewa, shi ne ta riƙa sakin birki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, domin tayar ta ci gaba da juyawa.